Atalas a Fadamar Haɗeja

Haɗeja zuwa bakin ruwa

Ana sallame asuba na bar gida. Saƙo ya zo cewa ruwa ya kewaye ƙauyenmu, ana ta kwashe mutane, amma yayata, Yaya Gambo, ta ƙi tashi. Ƙafarta ba ta iya taɓo, kuma ta rantse ba ƙaton da zai ɗauke ta zuwa jirgi. Rabona da ita ya daɗe fiye da yadda ya kamata.

Adaidaita sahu ta kai ni ƙarshen kwalta, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni inda hanya ta nutse. Nan na sha kunu da ƙosai, da hantsi muka shiga kwalekwale.

Cikin kwalekwale

Fadama ta kwanta luf. Gajimare a sama, gajimare a ƙasa, balbelu suna wucewa a tsakani, har na rasa inda gonakin shinkafa suke. Ɗanjuma mai jirgi yana tura gora cikin ciyawar kacalla. Kusa da ni wata malamar makaranta ce, Malama Falmata, ta rungume jakar littattafai.

Jirgi ya ɗan karkata, ta ce wa Ɗanjuma, "Atalas, a hankali dai."

Na ce, "Malama, wannan sunan na wace ƙabila ne?"

Ta yi dariya. "Baba, ni na laƙa masa, don shi ke saɓa mutane a kafaɗa ya kai su tudu. Asalinsa wani ƙato ne a tatsuniyar Girkawa. Ya yi yaƙi aka cinye shi da mutanensa, aka yanke masa hukuncin tallafe sama da kafaɗarsa, ba hutu."

"Subhanallahi. Sama kuwa?"

"Tatsuniya ce, Baba. Masu zana taswira suka riƙa sa hotonsa a gaban littafinsu, har sunan ya koma na littafin. Bature ya ce atalas, Balarabe ya ce atalas, Bafaranshe ma haka, yaranmu ma haka. Tekun Atlantika ma sunansa ya ci."

Ɗanjuma ya ce, "Shi dai ya more, ba fasinja mai surutu."

Na zuba wa ruwa ido. Mutum ya yi ta dako har aka manta fuskarsa, sunan kaɗai ke yawo gari-gari. Gyangyaɗi ya ɗan ɗebe ni, na ga kamar yau ƙaton ya gaji, ya sauke kayansa a fadamar Haɗeja, mu kuma muna ratsawa ta kai.

Ƙauye

Da azahar muka isa. Jirgi ba ya kaiwa tudu, sai mutum ya taka taɓo har gwiwa. Na iske Yaya zaune kan turmi da ƙullin kayanta, ruwa na lasar gindin danga.

Ta ce, "Auta, ashe ka san hanya."

Na durƙusa na gaishe ta. Ɗanjuma ya matso, ta ja gyale ta kau da kai.

Na juya mata baya na ce, "Hau, Yaya."

"Kai? Da wannan furfurar? Mu faɗi tare a yi mana dariya?"

"Ke kika goye ni lokacin da Inna ke gona. Ban ji kin ce na yi nauyi ba."

"Ai ka yi. Ga kuka."

Ta daɗe tana kallon ɗakinta, sannan ta saƙalo wuyana. Ba ta fi damin gero ba. Ina taka gajimare ɗaya bayan ɗaya suna watsewa, Ɗanjuma na biye da ƙullin kaya, bai taɓa mu ba.

Komawa gida

Sai bayan isha'i muka isa Haɗeja. Jikokina suka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Na gode wa Allah, na gode wa Ɗanjuma da Malama Falmata. Bayana ya kwana yana ciwo. Da safe Yaya ta sa aka dafa ruwan zafi, ta ce in kwanta, da hannunta ta gasa mini.