Hannun Mai Aski Ba Ya Son Shiru

Shekara da shekaru Baba Mai Aski yana ɗora reza a wuyan mutane, ko ƙurji bai taɓa yankewa ba. Yana aski yana zuba, bakinsa ba ya hutawa. Da ciwon baya ya matsa masa, likita ya ce ya riƙa motsa jiki, sai taubashinsa Direba ya ja shi filin bayan makaranta, inda dattawa ke wasan ƙwallon katako. Da guduma mai doguwar ƙota ake bugun ƙwallon, ta bi ta 'yar ƙofa tsakanin kwalaben katako biyu.

In ana gwaji ana hira, sai ka rantse da zare yake jan ƙwallon. Ya ware ƙafa daidai kafaɗa, ya ɗan rusuna, ya saki hannu, ƙwal! Amma ranar gasa kowa shiru yake yi in mutum zai buga, kuma nan gizo ke saƙa. Shirun na sauka, Baba zai riƙe numfashi, kafaɗu su sandare, ya ƙanƙame guduma kamar za a ƙwace. Ƙofa na gabas, ƙwallo ta yi yamma.

Ranar zaɓen waɗanda za su je su wakilci unguwa, gurbi ɗaya ya rage, shi ma bugu ɗaya ya rage masa. Ga shi tuni ya cika wa jikokinsa baki cewa da shi za a tafi.

Ya yi bismilla. Fili ya yi tsit. Direba ya hango kafaɗun nan sun fara hawa kunne.

"Kai tsoho!" ya ɗaga murya. "Jiya ka bar min gashi a ƙeya, yara sai dariya suke min."

"Wane gashi?" in ji Baba, idonsa na kan ƙwallo. "Kan naka da ƙuda ke zamewa? Don zumunci nake zagaya reza, kada ka ji kunya!"

Bai rufe baki ba, hannu ya tafi da kansa. Ƙwallo ta miƙe sak, ta shige ƙofa.

Alƙalin wasa ya kori Direba daga fili saboda surutu, amma bugu ya ci. Baba ya yar da guduma, ya hau rawa, ya manta da zancen ciwon baya.

"Alhamdulillahi! Ranar tafiya a ajiye wa mai sanƙon nan kujera kusa da tawa."

"Wace kujera?" in ji Direba daga bayan shinge. "Ni zan tuƙa motar, tsoho. Sai dai ka roƙe ni."