Man da Kitikar Kawu ke Sha a Tsaye

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya sayi kitika a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, a zamanin da motocin ƙasar Birnin Gwari ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kitika ita ce ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, irin wadda yanzu kuke ce wa akori-kura. Ni na koyo tuƙi a Kaduna, saboda haka da motar ta zo ni aka kira. Sana'ar Kawu sayen kalwa da ƙwarar kaɗanya da zuma a ƙauyukan bakin daji. Mu tara, mu kai Funtuwa, mu dawo da gishiri da garwannin fetur.

Ranar ciniki Baturen ya faɗa wa Kawu magana guda, wadda ta zame mini masifa. Ya ce garwa biyu na kai shi Damari su dawo da shi gida, har da saura a tanki. Kawu ya ɗauki maganar nan ya riƙe kamar a allo ya karanta ta. Ni kuwa tun fitarmu ta farko garwa biyu ba su taɓa dawo da mu ba. Sai mun hango gari motar ta fara tari, ta yi shiru, mu sauka mu tura. Sau uku ana haka, na ce a riƙa ɗaukar garwa ta uku. Kawu ya dube ni ya ce, "Bature da biyu yake zuwa."

Na ce, "Kawu, Bature shi kaɗai yake tafiya, daga shi sai akwatin abincinsa. Mu fa? Buhu takwas, tulunan zuma, ga duk wanda muka tarar a hanya sai ka ce a ɗauke shi."

"To mu wuce mutum a daji yana tafiya ƙasa? Haka suka koya maka a Kaduna?"

Ban iya wannan gardama ba, na bar ta. Amma man bai bar ƙarewa ba, kuma wata rana da la'asar, a zaurensa, a gaban mutum biyar ko shida, Kawu ya ce mini, "Ɗan nan, gaya mini gaskiya. Wa kake sayar wa?" Ni da ko ɗigon da zan wanke baƙin mai a hannuna ba na ɗiba, sai dai in goge da yashi! Na miƙe na fita, don in na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba na faɗa wa kawu ba ne.

Da abin ya tsaya a zaure da na jure. Amma maganar ta shiga cikin gida ta iske Inna. Mahaifina ya rasu tun ina Kaduna, ni ke kawo mata abin da za ta ci. Ranar da na kai mata dawa kamar yadda na saba, ta tura ƙwaryar gefe ta ce, "Mayar wa matarka. Ba zan sa a tukunyata ba sai na ji daga bakin kawunka." Na rantse, na yi magiya, na yi fushi. Ko gezau. Ta koma kaɗi tana sayar da zare tana cin abin da ya samu, tsohuwa da idonta ya fara rauni. Wannan shi ya hana ni sukuni, ba bakin mutanen zaure ba.

Sai na tasa motar nan a gaba kamar mai neman ɓeran da ya mutu a ɗaki. Na kwance fulogi na kankare baƙin da ya daskare musu. Na wanke abin tace iska, na fitar da jar ƙasa mai cika tafin hannu. Na bi bututun mai tun daga tanki har inji ina shafawa ko zan ji danshi, ban ji ba. Na ɗaga ƙafafun baya na juya, na tarar birkin hagu na ɗan kamawa, na sassauta shi. Tayoyi kuwa wani rikici ne daban. In na buga musu iska suka yi tauri, sai Kawu ya ce motar na jijjiga masa ƙugu, a rage. In rage, mota ta riƙa jan ciki. Na koma bugawa a ɓoye kafin ya fito, in ya yi ƙorafi in ce hanya ce ta lalace. Duk wannan ya taimaka. Maimakon mu mutu da nisa, muka koma mutuwa a bakin gari, inda ’yan kallo suka fi yawa. Kai, Allah Ya sawwaƙe.

Abin da ya rage kuwa yana ƙarƙashin ƙafata, ban lura ba sai wata rana a wani ƙauye. Ka san mutanenmu tun zamanin dawaki suna da hanyarsu. Mahayi in ya tsaya gaisuwa bai kwance sirdi ba, mai wucewa ne, ruwa kawai za a ba shi. In ya kwance sirdi ya zama baƙo, dole a ɗora tukunya, kuma ba ya tashi sai ya ci. Da mota ta zo, sai aka mayar da ƙugin inji matsayin sirdi. In tana ƙugi, kana kan hanya. In ka kashe ta, ka sauka. Saboda haka duk inda muka tsaya Kawu zai ce, "Kada ka kashe ta," ya fita. Ga shi kuma Kawu mutum ne da ba ya gajiya da gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, yaya shuka, yaya mai ciwon ƙafar nan, ashe wane ya rasu, a yi addu'a, a koma ciniki, a fasa, a sake gaisawa. Ni ina zaune ƙafata kan totur ina ɗan dannawa don kada ta mutu. A ranar na duba inuwar wata ɗorawa lokacin da muka tsaya, na sake dubawa da za mu tashi, ta matsa fiye da taku uku. Kuma irin wannan tsayawa muna yin ta kusan goma kafin mu dawo.

Muna kama hanya na ce, "Kawu, na gano inda man ke tafiya. A tsaye take shanye shi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "A tsaye? Abin da ke tsaye ai hutawa yake yi. Ka taɓa ganin dokin da ya gaji a turke?"

"Doki a turke ba ya gudu. Wannan cikinta gudu yake yi ko tayoyi ba sa juyawa. Ba ka jin ƙugin?"

"Ina ji. Ina kuma jin sabuwar dabara."

A nan na yanke shawara, kuma da fushi na yanke ta, ba zan ɓoye ba. Fita ta gaba ta zo ana noman farko. Da safe na kira Kawu na zuba garwa biyu a gabansa, na ce kada a ƙara ko ɗigo. Na riga na ƙudurta cewa duk inda muka tsaya sai na kashe ta, ya faɗi abin da zai faɗa.

Tsayawar farko ƙofar gidan wani mai gari ne mai hali. Kawu ya ce, "Kada ka kashe ta," na murɗa makulli ta yi tsit. Mai gari ya tafa hannu don murna, nan da nan aka bi zakara da gudu. Kawu ya harare ni, amma a gaban mutane ba dama. Muka ci tuwo muka tashi rana ta take. Na zura ƙarfen tada inji a gabanta na murɗa har kafaɗata ta yi tsami kafin ta tashi, ban damu ba. A rugar Fulani na sake kashewa, aka dama mana fura da kindirmo muka sha har muka kasa numfashi. Ina jin daɗi a raina, ina cewa yau za a ga ɓarawo.

Gab da Damari akwai gidan wani tsoho a bakin hanya, abokin marigayi mahaifina, wanda ke tara wa Kawu ’yar zuma. Muna dosowa Kawu ya dafa gwiwata ya ce a hankali, "Ɗan nan, ban da nan. Don Allah ban da nan." Bai taɓa ce mini don Allah ba. Da ina da hankali da na tsaya na yi tunani. Amma ni abin da na ji shi ne ya ga zan kama shi, yana neman hanyar zillewa. Na kashe ta.

Tsohon ya fito yana dogara sanda, ya saurara, ya ji shiru. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Yau kuwa! Kullum sai dai ku tsaya mini a kan ƙafa ɗaya. Ɗan abokina ne ya tuna da ni." Ya shimfiɗa mana tabarma ya shige ciki. Can muka ji kukan akuya, sai kuma kukan ya yanke. Ta saman dangar na hango matarsa ta fita da ƙwarya ƙarƙashin mayafi ta nufi maƙwabta. Na dubi rumbunsa, hular a karkace, ba wanda ya damu ya gyara ta don ba abin da za a kare a ciki. Tuwo ya zo da nama tuli. Tsohon ya zauna yana tura mini tsoka yana ba ni labarin mahaifina. Kawu yana ci, kansa a ƙasa. Ni kuwa kowace loma sai na kora da ruwa.

Da muka bar gidan sai da muka yi tafiya mai nisa. Sannan Kawu ya ce, "Akuyar nan ita ke nan gare shi. Da ita yake jiran kaka." Ya juyo ya dube ni. "Kana tsammanin sauri nake yi da nake hana ka kashewa? Ina zan je? Damina ce, rabin gidajen nan sau ɗaya suke ɗora tukunya. In na sauka dole su ciyar da ni, in na ƙi ci na wulaƙanta su. Ƙugin nan shi ke rufa musu asiri."

Na ce, "To me ya hana ka gaya mini tun farko?"

"Ɗan garin nan ne kai. A gaya maka me?"

Haba! Wata biyu ana kirana ɓarawo, shi bai san inji na cin mai a tsaye ba, ni ban san dalilin tsayuwar ba, muna zaune kafaɗa da kafaɗa a mota guda. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushin ba.

Tafiyar yini guda ta zama ta kwana biyu. Muka shigo gari da ƙugi, ba wanda ya tura. A ƙofar gida Kawu ya karɓi karan da nake auna tanki da shi, ya zura da kansa, ya zaro. Ya jiƙe fiye da faɗin yatsa huɗu. Ya daɗe yana kallonsa. Daga nan ya wuce kai tsaye gidanmu, ina biye.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Yaya, ɗanki bai taɓa mini mai ba. Ni ne ban san halin motar ba. Na ɗauki alhakinsa." Inna ta yi hamdala ta share ido, ta tambayi yadda aka gane. Kawu bai iya rage zance ba, ya kwashe duka ya faɗa, har da gidan tsoho. Inna ta juyo ta dube ni. "Abokin babanka? Akuyar tasa guda?" Na ce ai ban sani ba. Ta ce, "Kawunka bai roƙe ka ba?" Ta karɓi dawata a ranar, amma ba ta yi mini murnar da na yi wata biyu ina jira ba.

Washegari na ce zan sayi akuya in kai wa tsohon. Kawu ya ce, "Ka kai ka ce masa me? Cewa abincin da ya ba ɗan abokinsa saye aka yi? Kashe shi za ka yi da baƙin ciki." Inna ma ta ce haka. Abin da aka iya shi ne Kawu ya riƙa yaba zumarsa fiye da ƙima yana karɓa ba ciniki, shi ma a hankali don kada ya gane.

Muka koma ɗaukar garwa uku, ba wanda ya ƙara ambaton Bature. A manyan ƙauyuka na samo dabara, in kashe ta can bayan gari inda ba a ji, Kawu ya shiga da ƙafa. Amma gidan tsohon a bakin hanya yake, ba inda za a ɓoye mota. Fitarmu ta gaba ya fito da sandarsa da fara'arsa, ya zagayo ta wajena ya dafa ƙofa. Bayansa ina hango turken akuyar, igiyar na kwance a ƙasa. Ya ce, "Ɗana, kashe ta mana, ka sauko." Na ce masa yau ba ta da lafiya, Baba, in na kashe ta ba za ta tashi ba. Ya ce Allah Ya ba ta lafiya, ya koma ya kawo mini ruwa a moɗa. Na sha ƙafata tana kan totur.