Sunan da Na Riƙe a Baki

Kwana goma sha ɗaya na yi a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Legas a wancan zuwan. Tirelar tawa ce: ni ne mai mota, ni ne direba, ni ne mai gadi. Motocin kamfani da direba biyu suke zuwa, ɗaya ya tafi wanka ɗaya ya riƙe sitiyari. Mu masu mota ɗaya kuwa, ko fitsari za ka yi sai kana waiwaye, don layi ba ya sallama in zai motsa. Ya motsa ba ka ciki, na baya su zagaye ka, ka koma ƙarshe ka fara sabon zama.

Mutumin Jos ba a yi shi don wannan zafin ba. Wuyana duk ƙuraje, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ga hayaƙin gas, ga warin kwata. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

A kwana na huɗu matata ta haihu a unguwarmu Daɗin Kowa a Jos, mace, bayan shekara shida muna jira. Yayana ya kira ni ya ce, “Faɗi sunan in yi mata huɗuba.”

Na ce, “Bari, Yaya, ina nan tafe kafin suna.”

Sunan yana bakina tun kafin a sami cikin. Na gwaggona ne, wadda ta raine ni a Bukuru tun ina shekara uku, ta rasu ba ta bar ɗa ko jika ba. A gidanmu uba ba ya furta suna sai a kunnen jariri, sai kuma ga liman ranar raɗi. Ko matata ban gaya wa ba. Taurin kai ne, na sani, amma so nake ya fita daga bakina.

Layi ya ƙi motsi. Ana gobe suna na haƙura, na ce wa Yaya in an taru da safe ya kira ni, in faɗa wa liman da kaina. Ba na tayar da mota don cajin waya, gas ya wuce wannan wasa. Saboda haka ina idar da sallar asuba na kai wayar rumfar wata mai caji can baya, tafiyar minti goma, na dawo in leƙa mota kafin ta ɗan cika.

Ina isowa direban da ke bayana ya ƙwala mini kira: “Oga, sun buɗe get! Tada mota!”

Na tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala. Na dubi inda rumfar take, na dubi motar gabana da ta fara mirginawa. Na shiga na murza makulli. Ba zan yi ƙarya ba, ban yi wani dogon tunani ba.

Sai la'asar na fito da kwantena a bayana, na faka, na taka na karɓo waya, na kira gida. Yaya ya ce, “Mun jira ka har rana ta take. Liman yana da wani taron sunan a unguwar Congo-Russia, mutane kuma za su tafi aiki. Na sa mata sunan Inna. Ai na san shi za ka zaɓa.”

Na ce, “Ka kyauta, Yaya. Allah ya raya ta.”

To me zan ce? Wa zai buɗe baki ya ce ba sunan mahaifiyarsa yake so ba? Na zauna a bakin titi, har mai cajin ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Yarinyar yanzu tana aji uku, ba mu kuma sake haihuwa ba. Gwaggo ba ta da takwara, kuma babu wanda ya san an taɓa nufin yi mata.