Dashen Albasar da Ƙasimu Ya Mayar

A ƙauyensu da ke bakin gulbin Rima, ƙasa da Goronyo, ba wanda ya taɓa jin Ƙasimu ya koka, kuma abin da ya fi ci wa matarsa Habi rai ke nan. Shekara ashirin da uku tana fama da shi. Siririn mutum ne mai ɗan ɗingishi, tun wata ƙayar kifi da ta soke shi yana saurayi, lokacin da yake su tare da mahaifinsa. Da kifi ya ja baya ya rataye komarsa ta kamun kifi, ya kama noman albasa. Kome ya same shi amsarsa ɗaya ce: "Sai godiya."

Shekarar da 'yan bindiga suka kore shanun nomansa biyu a wajen Rabah, ya dawo gida yana cewa alhamdulillahi da suka bar garmar. Garma! Habi ta ce to sai ya ɗaura mata a wuya ta ja. Da albasarsa ta ruɓe a rumfar ajiya, cewa ya yi an samu taki. Ba wai Habi ba ta san Allah ba ne, ita ma tana gode masa safe da yamma. Amma haba, mutum ko "wash" ba zai ce ba?

Bana gulbi ya cika ya shanye wurin da Ƙasimu ya yafa iri, ko tsinke bai bari ba. In babu dashe babu albasar rani, in kuma babu albasa, ɗan geron da ke rumbu ba zai kai su bazara ba. Habi ba ta jira shi ba. Ta buga wa wanta Iliyasu waya can Achida, ya ce yana da ragowar dashe.

Ranar Laraba da hantsi sai ga Iliyasu a kan babur, da dami uku na dashe naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. To amma wan mace ba ya zube wa mijin ƙanwarsa kaya haka nan kamar ya zo ba da sadaka. Sai maigida ya fara faɗin halin da yake ciki. Suka zauna a ƙofar gida cikin maza, Habi na bayan katanga riƙe da taɓarya tana saurare.

"Malam Ƙasimu, naj ji gulbi ya taɓa ku."

"Ya ɗan leƙo mu, Yaya. Sai godiya."

"Iri hwa? Ya tsira?"

"Allah bai hana mu komi ba."

Habi ta buga taɓarya a turmi, wanda ko tsaba babu a ciki. Ta yi tari har sau uku. Iliyasu ya sake tambaya, mutumin nan ya sake hamdala! Buhu kuwa sai bushewa yake a rana, kuma dashe ba ya jure daɗewa a tuge. Nan maƙwabcinsu Mode, wanda bakinsa ba ya nauyi, ya ce shi kam ruwa ya cinye nasa ƙaf. Iliyasu ya kwance buhun ya miƙa masa.

Da Iliyasu ya shigo gaishe ta, Habi ta tare shi da faɗa. Ya ce, "Mijinki yac ce bai rasa komi ba. In maishe shi maƙaryaci gaban mutane?"

Babur na tashi ta juyo kan Ƙasimu.

"Malam, mi ka ka so Allah shi yi maka? Ya aiko maka iri har ƙohwar gida, bisa babur, kam maishe shi! Wagga wace irin godiya ta?"

Ya ɗauki buta ya fita.

Washegari ta neme shi ta rasa, sai ta bi hanyar fadama da ƙwaryar fura, ranta a ɓace. A gonar Mode ta same shi, duƙe cikin laka, yana dasa wa wani dashen da aka kawo dominsa. Ya cire hularsa ya ajiye a kan kunya, yana tara 'yan siraran dashen da Mode ya yar a cikinta, don ya kai tasa gonar. Ba su fi cikin tafi biyu ba.

Ta zo ta tsaya a kansa. Ya ɗago, bai yarda ya dubi idonta ba.

"Habi, shanu da sunka tahi, na gode har cikin raina. Jiya kam ba godiya ba ta. Kunyar wanki naj ji. Bakina yaƙ ƙi buɗuwa."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, wadda furfura ta fara ci. Haushin bai tafi ba, sai dai yanzu ya haɗu da tausayi. Ta dire ƙwaryar, ta ɗauki hular, ta yayyafa wa 'yan siraran ruwa don kada su mutu kafin la'asar.