Babur Mai Kwanciya a Yashi

Har gobe ban manta ranar da aka kira ni mai algus a tsakiyar kasuwar Daura ba. Farkon zuwan Shari'a ne, lokacin da kalmar nan kaɗai ta isa ta rufe wa mutum shago. Ku yaran yanzu ku saurara, don ku ma kuna sayar da batir.

Batirin babur iri biyu muke ajiyewa. Akwai mai ruwa, wanda ake buɗewa a ƙara masa ruwa in ya ja baya, yana da 'yar tiyo a gefe da yake numfashi ta nan. Akwai busasshe, wanda yake a rufe ruf, ba a ƙara masa komai, ko kifa shi ka yi ba abin da zai zubo. Mai ruwa ya fi araha, amma yana son a bar shi a tsaye.

Alhaji Manu, wani mai fataucin awaki daga gefen garin Babban Mutum, ya zo hon ɗin babur ɗinsa ya daina kuka, fitila kuma kamar ta aci-balbal. Na miƙa masa busasshe. Ya kai kunne ya girgiza, ya ce, "Malam Sani, wannan ai fanko ne. Ba ni mai rai."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ina! Mai ruwa yake so. Na ɗaura masa.

Ba a jima ba ya dawo, batir ya ƙafe ƙaf. Na auna cajin babur, lafiya lau. Na ce ko daga kamfani ne, na canza masa wani kyauta. Shi ma ya ƙafe. A karo na uku bai ma zo shagona ba. Kasuwar awaki ya tsaya, ya ɗaga batirin sama yana shela wai rabin ruwa nake zubawa in sayar da sauran. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

A ƙa'idarmu, ƙorafi irin wannan shugaban ƙungiyar makanikai ake fara kai wa kafin a je gaban alƙali. Shugaba ya zaunar da mu, ya ce, "Sani, ka ɗaura na uku a gabana, ka bi shi gida ka ga yadda yake aiki da shi. In wannan ma ya ƙafe, ƙungiya za ta sa wa shagonka kwaɗo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda."

Na ɗaura na ukun a gaban shugaba, na hau bayan Alhaji, muka bar kwalta, muka yi ta kutsawa cikin yashi har gidansa a bayan gari. Muna isa na sauka. Ina tsaye ina karkaɗe riga, sai na ga bawan Allahn nan ya kama kan babur ya kwantar da shi a ƙasa, a hankali, kamar zai yanka rago.

Na ce, "Alhaji! Me kake yi haka?"

Ya ce, "Ajiye shi nake. Nan ai ba a kafe babur, ƙarfen da yake tsayawa a kai nutsewa yake a yashi, babur ya faɗi. Kowa haka yake yi."

"Kullum haka yake kwana?"

"To da a kan gado zai kwana?"

Na durƙusa na nuna masa 'yar tiyon. Ruwan batir na ɗiga ɗis, ɗis, yashi na shanyewa. Na nuna masa ƙarfen gefen da ruwan ya cinye ya yi fari. Ya daɗe yana kallo, ya shafa gemu, ya ce, "Ikon Allah. Ashe zuba yake. To ka yi haƙuri."

A gaban wa ya faɗi haka? Ni da awaki. Na ce, "Alhaji, a kasuwa ka ɓata ni, mu je kasuwa ka gyara."

Ya ce, "Haba Malam Sani, abu ya wuce. Musulmi ba ya riƙo."

Ku ji fa! Ni ne ma zan zama mai laifi. Don takaici ko ruwan gidansa ban sha ba.

Shugaba ya ji bayani, bai rufe shagon ba. Amma shugaba mutum ɗaya ne, waɗanda suka ji shelar Alhaji kuwa kasuwa guda ce, kuma babu wanda ya bi su gida ya warware musu.

Don haka kafin ku ciro batir daga kwali, ku tambayi mutum wace hanya yake bi, a ina babur ɗinsa yake kwana, a tsaye ko a kwance. In ɗan yashi ne, busasshe za ku ba shi. In ya ƙi, ku bar shi ya tafi da kuɗinsa, cinikin nan ba riba ba ne. Ni da na biye wa son ran mai saye, ga ni nan. Duk ranar kasuwa ina zaune ina kallon mutanen Babban Mutum suna zuwa sayen busasshe, su gaishe ni da mutunci, su wuce shagon maƙwabcina.