Ƙwaryar Inna da Ruwan Jabel

Jikata mai karatu a Damagaram ta ce wai abin da ke nunar da daddawa wasu 'yan halittu ne da ido ba ya gani. Suna fitar da wani abu mai tsagi kamar bakin almakashi, tsagin daidai da naman kalwa, ya kama ya yi ta datsa har ta yi laushi. Na ce to, ashe rai mijina ya kashe.

Shekarar farin nan ce, zamanin soji. An rufe iyaka, Malam bai tafi cin rani Kano ba, yana gida yana sa ido a kan komai. 'Yar kalwar da na samu a kasuwar Matameye na dafa, na surfe, na zuba a ƙwaryar da na gada wurin inna, na rufe da tsumma. Ƙwaryar nan ba a wanke ta, danƙon jikinta ke tayar da sabuwar daddawa. Daddawar kuwa ita nake kaiwa ƙauye a ba ni geron kunun yara.

Sai mai shela ya bi gari: komanda zai zagaya, gidan da aka ji wari maigida zai kwana wurin jandarma. Na dawo daga rijiya na tarar da Malam a tsugune. Ya binne kalwata, yana dirzar ƙwaryar da yashi da ruwan jabel, maganin nan mai ƙarfi da ake wanke asibiti da shi.

"Malam! Me zan gani haka?"

"Ke, rage murya. So kike a tafi da ni?"

"Tun da aka kawo ni gidan nan kake shan miyarta, yau ta zama ƙazanta? Ko butarka ban taɓa ganin ka wanke haka ba!"

Komanda ko leƙo unguwarmu bai yi ba.

Na tono kalwar, na ɗauraye, na mayar. Ta ƙi nuna, sai tsami. Yara suka koma cin tafasa gaya, babu kunu.

Da ƙafa na je Icirnawa wurin goggona. Ta ɓalle bakin tata ƙwaryar ta ba ni, na cusa cikin sabuwar kalwa, ta tashi. Amma ƙamshin goggo ne, na inna ya tafi ke nan.

Ranar da na fara kaɗa miya da ita, Malam ya kai loma ya ce, "Miyar yau kamar da saura."

Na ɗauke akushin daga gabansa.