Shida a nan, bakwai a can

Baba ya zo Dubai aikin ido. Ranar da aka cire masa bandeji ya ce ya gaji da kallon bangon falo, sai na kai shi wani tsohon gida a bakin ruwa ta ɓangaren Deira, wanda aka mayar gidan tarihi. Niyyata kawai ya sha iska. Da na san abin da ke ciki, wallahi da kasuwar turare muka tafi.

Akwai ɗaki guda na lokacin yaƙin duniya na biyu, don an ce hafsoshin Turawa sun riƙa sauka a gidan. Baba yana goye aka ɗauki mahaifinsa soja zuwa ƙasar Bama. Bai dawo ba, ba gawa, ba takarda, ba hoto. Duk abin da kakata ta bar masa shi ne labarin cewa mutumin dogo ne, da zanen Gobirawa.

A wani hoto ga Turawa huɗu a kujeru, bayansu wani baƙin mutum a tsaye da akwati a ka. Baba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya ɗora yatsa a kuncin mutumin yana ƙirga zane, shida a nan, bakwai a can, irin na tasa fuskar.

Mai zagayawa da mu ya daka masa tsawa, wai ba a taɓawa, yalla, a wuce gaba. Tsoho mai furfura! Na haɗiye, na tambaye shi sunan mutumin. Ya karanto min na Turawan huɗu tiryan-tiryan, har da muƙamansu. Na ce na bayan fa? Ya ɗaga kafaɗa, wai ɗan dako ne, khalas, shi ke nan. A ƙarƙashin hoton har sunan karen da ke kwance a ƙafarsu an rubuta. Kare fa.

Nan kaina ya yi zafi. Na surfa masa Hausa, Larabcin ma ya gudu daga bakina, mutane suka tsaya kallo. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Rabin fushin kuma da kaina nake, don na san da wuya a ce kakana ne, jirginsu ba lalle ta nan ya bi ba, kuma na kasa gaya wa Baba.

Ashe ya riga ni sani. Ya ja hannun rigata zuwa littafin baƙi da ke zaure, ya karɓi biro, ya rubuta sunan mahaifinsa da ajami, a hankali, idon yana ruwa.

Na ce, “Baba, ba mu da tabbas shi ne.”

“Na sani,” in ji shi. “Shi ba suna, nawa ba fuska. Su yi maneji da juna.”